Fijo 504 ta ƙi tashi: kar ka yi saurin ɗora wa batir laifi

Tun 1968 Faransa ta fito da Fijo 504, kuma kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya shafe shekaru yana harhaɗa ta. Duk wadda ta rage a hannu yanzu, wayoyinta sun tsufa tare da ita. Amma da ta ƙi tashi da safe, sai mai ita ya garzaya sayen sabon batir, bayan mako biyu kuma a koma gidan jiya.

Kafin ka taɓa aljihu, kunna fitilun gaba, ka murɗa makulli, ka kasa kunne. In ka ji kat-kat-kat da sauri, fitilu suka dushe, wuta ce ba ta isa: ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya ci tsatsa. In kat ɗaya ka ji kuma fitilu na nan tar, je ka duba kik, wato na'urar da ke murza injin ya tashi, da wayarsa. In kuwa injin na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, batir ba ruwansa. Nemi fulogi, kwayil, kontak, ko man da bai iso kafireto ba.

Kuskuren da ya fi yawa yana wajen kan batir ne, inda ake ɗaura waya. Za ka ga farin gari ko kore ya taru a kai, mutum ya ɗauki dutse ya bubbuga, mota ta tashi, shi ke nan. Gobe ma haka, har dalmar kan batirin ta tsage. Kwance shi za ka yi, ɓangaren mai alamar ragi da farko, ka wanke da ruwan zafi da garin bekin soda, ka goge har ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam. Sannan ka bi wayar as, wadda ta tashi daga batir zuwa bodi da injin. Ita kowa ke mantawa. Daga waje lafiya lau, a cikin roba kuwa jan ƙarfen ya koma kore. Yi kik, ka taɓa ta. In ta ɗau zafi, ga ɓarawonka nan.

Akwai kuma masu gwada batir da sifana ko guntun waya, su haɗa kawunan biyu don su ga tartsatsi. Batir yana fitar da iska mai kama wuta, yana iya fashewa a fuskar mutum, kuma tartsatsin ba ya nuna komai. Mitar auna ƙarfin wuta ce ke faɗin gaskiya. Cikakken batir da ya kwana a ajiye yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauko 12.2 rabi ya rage. Lokacin kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Injin na aiki kuwa a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai ba, latsa fanbel da yatsa tukuna, don sakinsa kaɗai na hana caji. Shi kuma rewayan da zai zare kan batir injin na gudu, wai yana gwada altaneta, wato na'urar da ke caja batir, riƙe masa hannu, altanetar zai ƙona maka.

Ruwan batir in ya ja baya, tataccen ruwa, wato distil, ake ƙarawa har ya rufe farantan cikinsa. Ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Zafin bazara ne ke cinye batir a ɓoye, sanyin hunturu kawai ya zo ya tona.

Kar ka danne makulli fiye da daƙiƙa 10. Saki, kik ya huce. Motar da ke ajiye kuma, tayar da ita na minti biyar duk Juma'a ba ya mayar da wutar da kik ya sha. Ko ka fita da ita ta yi tafiyar rabin awa, ko ka cire wayar as ka kai batirin caji duk wata.