Ɗumama ɗaki idan wuta ta ɗauke a tsakiyar sanyi

Masu zama a Amurka da Kanada sun sha tambayar wannan. Ga yadda ake yi:

1. Zaɓi ɗaki ɗaya, a taru a ciki, a rufe sauran.

2. Sayi hita ta gas ko ta kananzir wadda aka rubuta a jikinta cewa ta cikin gida ce. Ta gas, a tabbatar tana kashe kanta idan ta faɗi ko iska ta yi ƙaranci. Mai BTU 9,000 (BTU ma'aunin ƙarfin zafin hita ne) ta ishi ɗaki mai murabba'in mita 20.

3. Kafa na'urar gano iskar kabon monoksaid (iska mai guba da ke fitowa idan ana ƙona gas, kananzir ko gawayi), mai batir, kafin ka kunna komai.

4. Ajiye hitar a kan daɓe, nesa da labule da katifa da mita ɗaya.

5. Buɗe taga kamar faɗin yatsu biyu.

Hattara, a nan ake yin kuskure. Sanyi kan sa a toshe kowace kafa da tsumma, alhali wuta tana cinye iskar ɗaki. Gubar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi. Kaskon gawayi da muka saba da shi a hunturun gida kada ya shigo ko kaɗan, haka murhun girki.

6. Dubi harshen wutar gas. Shuɗi ake so. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙin hayaƙi, kashe.

7. Zuba kananzir, samfurin 1-K, a waje bayan hitar ta huce.

8. Janareta kuwa waje, mita 6 daga ƙofa da taga. Gareji ba waje ba ne.

9. Kashe hitar kafin barci.

10. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya? Kowa ya fita, a kira 911, lambar agajin gaggawa.