Kurakuran da aka fi yi wajen sa kwan LED a fitilar mota, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya saba shigowa Damagaram da dare, ko ta hanyar Takeita, ko ta Mirriya, ko ta Tanut, ya san abin da ke faruwa idan mota mai farar fitila ta tunkaro shi. Hasken yana dukan ido, gefen gudron ya ɓace, kuma na ɗan lokaci direba ba ya ganin komai, alhali a wannan gefen ne amalanken shanu ke tafiya ba fitila, nan ɗan kabukabu yake raɓewa, nan kuma mai tafiya a ƙasa yake. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu waɗannan motoci ba su nufi kowa da sharri ba. Gajiya suka yi da jan hasken tsohon kwai, suka sayi na LED, aka ɗaura musu cikin ƴan mintuna, suka tafi suna murna, ba su san suna makantar da na gabansu ba, ba su kuma san cewa sau da yawa nasu ganin bai ƙaru ba.

Tushen kurakuran duka shi ne ɗaukar cewa kwan shi ne fitilar. Fitilar mota gida ce da aka ƙera da lissafi, kuma madubin da ke cikinta an lanƙwasa shi ne domin ya tattaro haske daga wuri ɗaya tak, wato inda siririyar wayar tsohon kwan halojin take, wadda tsawonta bai wuce ƴan milimita ba. Daga wannan ɗan wuri madubin yake ɗebo hasken ya shimfiɗa shi a kan hanya, ya kuma yanke shi daga sama don kada ya kai idon mai zuwa. Idan aka kawo kwan LED wanda ƙwayoyinsa suka fi wayar nan faɗi, ko suka gota daga inda take ko da milimita ɗaya ko biyu ne, lissafin ya rushe: hasken ya watse, wani ya hau bishiyoyi, wani ya taru dab da hancin mota, nesa kuma ta zauna cikin duhu. Wannan tarin haske na kusa shi ne yake ruɗar mai mota. Yana ganin gabansa fari fat sai ya ce fitila ta yi kyau, alhali ƙwayar idonsa tana tsukewa ne saboda hasken kusa, abin da ke can nesa kuma sai ya ƙara ɓoye masa.

Saboda haka gyaran farko tun a shago yake farawa. A fitar da kwan daga kwalinsa, a jera shi da tsohon kwan da aka cire, gindi da gindi, a duba ko ƙwayoyin LED ɗin sun zauna daidai tsayin da siririyar wayar take, kuma ko siraran ne kamarta. Wanda ya fi dacewa shi ne mai ƙwayoyi a fuska biyu, baya da baya, a kan farantin da ba shi da kauri. Mai fuska huɗu, ko wanda aka jera wa ƙwayoyi kewaye kamar zangarniyar masara, ko da ya fi ɗaukar ido a hannun mai sayarwa, ba ya bin tsarin madubin ko kaɗan, kuma ni dai ban ga dalilin sa shi a fitilar gaba ba. Idan kwan mai lamba H4 ne, wanda ke ɗauke da kod (hasken kusa) da far (hasken nesa) a jiki ɗaya, a tabbata akwai ɗan murfin ƙarfe a jikin ƙwayoyin kod kamar yadda yake a na halojin, domin shi ne yake yanke hasken. Fitilar da ke da ƙwallon gilashi mai kauri a gaba, kamar idon bijimi, ta fi jure sauyin kwai, tunda tana da abin yanke haske nata na kanta a ciki. Mai buɗaɗɗen madubi kuwa ba ta yafe kuskure. A Jamus sai a shekarar 2020 hukuma ta fara amincewa da wani kwan LED na kamfanin Osram a madadin kwan halojin mai lamba H7, kuma ko a nan ba ga kowace mota ba, sai waɗanda aka gwada fitilarsu ɗaya bayan ɗaya aka sa su cikin jerin sunaye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa shigar kwai cikin rami ba ita ce dacewarsa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi sauƙin gyara, shi ne juya kwan ba daidai ba. Ni kaina na faɗa cikinsa. An ɗaura mini biyu da rana tsaka a wani gareji, muka kunna muka ga sun kama, na biya na tafi. A daren nan, daga fitata gari har na isa Mirriya, kusan duk motar da na haɗu da ita sai ta watsa mini far, ina mamaki tunda a kod nake. Washegari bayan magariba na fuskanci katangar gidanmu na kunna, sai na ga maimakon layi miƙaƙƙe mai duhu a samansa, wani dunƙulen haske ne ya hau har kusa da indararo. Da muka buɗe, ashe ƙwayoyin ɗaya suna kallon sama da ƙasa, na ɗayan kuma sun karkace. A mafi yawan fitilu ƙwayoyin su kalli dama da hagu ne, farantin yana tsaye, kamar hannun agogo a ƙarfe 3 da ƙarfe 9. Yawancin waɗannan kwayaye suna da zobe a wuya wanda ake kwancewa a juya jikin kwan har ya daidaita, sannan a ɗaure. A H4, ɗan murfin ƙarfen yana kasancewa ta ƙasan ƙwayoyin kod. Idan ya koma sama, kod ya zama abin makantar da mutane.

Daga nan sai saiti, wanda kusan ba wanda yake yi bayan sauya kwai, ko da yake ba ya bukatar komai sai katanga, da igiyar awo, da gawayi ko alli. A nemi wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa bayan duhu ya yi, a tabbata iskar tayoyi daidai take kuma ba kaya a bayan mota, a tsayar da ita tana fuskantar katangar sosai, tazarar mita 10 daga gilashin fitila. A auna tsayi daga ƙasa zuwa tsakiyar fitilar, a ja layi a katanga a daidai wannan tsayin. A jikin gidan fitila, ko kusa da shi ƙarƙashin kapo, wato murfin inji, motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai sukan zo da lamba kamar 1,0% ko 1,2%. Ma'anarta ita ce a tazarar mita 10, bakin hasken kod ya sauka santimita 10 ko 12 ƙasa da layin da aka ja. A rufe fitila ɗaya da tsumma mai kauri ko kwali, kada a daɗe don kada gilashi ya yi zafi, a saita ɗayar da kusoshin saiti da ke bayanta, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu, sannan a koma kan ta biyu. Abin da ake son gani shi ne layi mai kaifi a kwance ta hagu, wanda ya ɗan haura ta dama domin ya haska gefen hanya, tunda a Nijar dama muke bi. Gara ma a yi wannan awo da tsohon kwan tukuna, a yi alama a katanga, domin a sami abin da za a gwada sabon da shi. Idan an juya, an saita, kuma har yanzu babu layi sai watsattsen haske, to wannan kwan bai dace da wannan fitilar ba, kuma runtse ta ƙasa sosai ba magani ba ne, rage nisan gani ne kawai.

A lura da motar da aka shigo da ita daga ƙasar da ake bin hagu, kamar Japan ko Ingila. Hasken fitilarta ta gefen hagu yake haurawa, wato kai tsaye cikin idon mai zuwa, kuma LED sai dai ya ƙara munin abin. Maganin nan sauya gidan fitilar ne. Haka kuma mai Hilux ko Hiace da ya lafta buhunan gero ko fasinja a baya ya tuna cewa hancin mota ya ɗaga. Ƴar ƙaramar dabarar nan da ke gefen sitiyari mai lamba daga 0 zuwa sama, don wannan aka yi ta, amma da yawa ba su taɓa taɓa ta ba.

Sai batun lambobin da ke jikin kwali. Lumen shi ne ma'aunin yawan haske: kwan halojin H7 yana ba da lumen 1,500, H4 kuma 1,000 a kod, 1,650 a far. Kwan LED mai cin wat 25 ko 30 da wuya ya kai lumen 4,000 idan ya ɗauki zafi, saboda haka kwalin da aka rubuta wa 20,000 ko 30,000 talla ce kawai. Ko da gaskiya ne ma ba abin so ba ne, domin a ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi, fitilar kod da kwanta ya wuce lumen 2,000 sai an haɗa ta da na'urar da ke daidaita tsayin haske da kanta da kuma abin wanke gilashi. Launi ma ana kuskure a kansa. Da kelbin ake auna launin haske: halojin yana wajen kelbin 3,200, shi ya sa yake ja-ja-ja; yawancin LED na kasuwa 6,000 ne zuwa 6,500, wasu har suna komawa shuɗi. A garin da hazon hunturu ke rufewa daga Nuwamba har Fabrairu, wannan farin haske mai shuɗi-shuɗi yana dawowa daga ƙura ya gajiyar da ido, kuma a kan jiƙaƙƙen gudron na damina sai ka ga kamar ba a kunna ba. Wanda ke tafiyar dare a kai a kai ya nemi mai 4,300 zuwa 5,000, ko da samunsa ya fi wuya.

Ana yawan cewa LED ba ya zafi. Gabansa ne ba ya zafi, amma gindinsa yana yi, shi ya sa aka sa masa fanka ko faranti na alminiyom, kuma da zarar zafin ya taru sai haskensa ya ragu, daga baya ya mutu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, kwan da ya yi ƙyalli a mintin farko zai iya dushewa bayan rabin awa, don haka a bar shi a kunne na ɗan lokaci kafin a yanke hukunci a kansa. Babban kuskure a nan shi ne jefar da murfin roba na bayan fitila saboda gindin sabon kwan ya hana shi rufuwa. A ƙasa mai rairayi irin tamu wannan kashe fitila ne a hankali: ƙura ta shiga ta kwanta a kan madubi, ruwan Agusta ya bi baya, madubin ya dushe, kuma ba a goge shi domin fenti mai ƙyalli da ke kansa yana ɓarewa da an taɓa. A nemi kwai mai gajeren gindi da zai shiga ƙarƙashin murfin asali, ko a sayi murfi mai zurfi. Kada a cusa wayoyi a jikin fanka, kuma lokaci zuwa lokaci a kasa kunne bayan an kunna, a ji ko tana juyawa.

Matsalolin wuta ba su da wuyar ganewa idan an san su. A karanta lambar da ke gindin tsohon kwan, H1 ce ko H4 ko H7 ko H11 ko HB3, kada a sare ƙarfe ko a tilasta wani ya shiga ramin da ba nasa ba. Manyan motoci wutarsu bolt 24 ce, sai a duba ko kwan yana ɗaukar haka. Idan sabon kwai ya ƙi kamawa, kafin a ce ya lalace a zare filogin a juya shi, domin wasu ba sa kamawa sai wuta ta bi ta fuska ɗaya. Motocin zamani da kwamfutarsu ke sa ido kan fitilu sukan nuna alamar kwai ya mutu a tablo, wato allon da ke gaban direba, ko hasken ya riƙa ƙyaftawa, saboda LED yana jan wuta kaɗan. Ana gyara wannan da ƴar na'urar da ake haɗawa tsakanin filogi da kwai, amma irin mai jikin ƙarfe tana zafi ƙwarai, sai a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota nesa da roba da wayoyi. Tsofaffin Toyota da yawa, irin su Hilux da Land Cruiser, ta wayar mas, wato wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, ake kunna fitilarsu, shi ya sa wani LED ɗin yake rikita kod da far, ko shuɗiyar alamar far ta daina fitowa a tablo. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wutar mota ne, ba na yanka waya a murɗe da salatif ba. Kada kuma a ƙara girman fizibil, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, don ya daina ƙonewa. Idan rediyo ya fara shuu duk lokacin da aka kunna fitila, kwan ne maras inganci.

Akwai motoci da yawa a garin nan da ba LED suke bukata ba tun farko. Gilashin fitilar zamani roba ne, rana tana cin fuskarsa har ya koma ruwan ɗorawa, kuma duk kwan da aka sa a bayansa watsewa haskensa zai yi. A goge shi da takardar yashi mai laushi da ruwa, a bi da man gogewa, sannan a shafa abin kariya daga rana, in ba haka ba cikin ƴan watanni zai koma yadda yake. A auna wutar da ke isa bakin kwan mota tana kunne, domin tsatsa a wayar mas ko tsufan filogi yakan cinye bolt guda ko fiye, kuma halojin yana dushewa sosai da ɗan wannan ragi. Sau da yawa gilashi mai tsabta, da waya mai kyau, da sabon halojin da aka saita a katanga, sun fi LED maras dacewa nisan gani. Wanda kuma ya sa LED ɗin ya ga layinsa ya fita tsaf, kada ya yar da tsofaffin kwayayen. Ya naɗe su a tsumma ya ajiye a aljihun mota, ba tare da ya taɓa gilashinsu da yatsa ba domin maiƙon hannu yana gajarta musu kwana, saboda fanka tana iya tsayawa a tsakiyar hanyar Tanut, inda ba shago ba gareji sai an yi tafiya mai nisa.