Kurakuran da Muke Yi Wajen Koya wa Yaranmu Imanin Maƙwabta

Wata ranar Asabar a ajin baftisma na tambayi yaran da nake koyarwa me Musulmi suka yi imani da shi game da Yesu. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai ba su san shi ba." Sauran suka gyaɗa kai. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin cewa akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryamu, sura ta 19, balle ya san cewa ita kaɗai ce macen da aka ambata da sunanta a littafin. Yaran nan kuwa wurin maƙwabta Musulmi suke sayen ƙosai kowace safiya, benci ɗaya suke zama da 'ya'yansu a makaranta. Idan aka kaɗa ƙararrawar darasin addini sai a rabu, waɗannan su nufi ajin ilimin addinin Kirista, waɗancan su nufi na Musulunci, kowa ya koma gida da abin da ya ji a bakin titi game da ɗan'uwansa.

Laifin ba na yaran ba ne. Namu ne, mu malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar matasa da iyaye. Muna son yaranmu su tsaya daram a kan bangaskiya, kuma hakan daidai ne, amma hanyar da muke bi wajen nuna musu yadda wasu ke kallon Allah da mutum da duniya tana cike da ramuka. Ga waɗanda na fi cin karo da su.

Babba a cikinsu shi ne mu siffanta imanin wani yadda shi kansa ba zai gane shi ba. Na sha jin malami ya ce Musulmi na bauta wa wata, ko ya ce masu gargajiya na bauta wa itace da dutse kawai, yara kuma su rubuta. Doka ta tara a Fitowa 20:16 ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, kuma ba ta ware maƙwabcin da ba ya zuwa majami'a ba. Bayan zunubin da ke ciki, akwai asara. Ranar da yaron ya zauna da abokinsa Musulmi ya gano cewa abin da aka faɗa masa ba gaskiya ba ne, malamin da ya faɗa masa ya zube a idonsa, sauran abin da ya koya masa ma ya fara shakkarsa, har da batun gicciye da tashin matattu.

Gyaran yana da ma'auni guda da nake riƙe da shi: kada ɗalibi ya buɗe baki ya soki wani imani sai ya iya bayyana shi yadda mai shi zai ji ya ce, "Ƙwarai, haka muka yarda." Game da Yesu, alal misali, Musulmi zai gaya maka cewa Annabi Isa manzon Allah ne mai girma, budurwa ce ta haife shi, ana kiransa Almasihu, ya warkar da makafi da kutare ya ta da matattu da izinin Allah, kuma zai dawo kafin tashin alƙiyama. Zai kuma gaya maka cewa ba Ɗan Allah ba ne, ba a kuma gicciye shi ba, kamar yadda aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta faɗa. Yaron da ya san wannan ya san inda aka haɗu da inda hanya ta rabu. Wanda bai sani ba zai yi ta kai naushi inda babu kowa.

Akwai masu gudun wannan rami su faɗa wani. Don neman zaman lafiya sai su ce wa yara, "Ai duk ɗaya ne, hanya ce kawai ta bambanta." Niyyar mai kyau ce, maganar ce ba gaskiya ba, kuma malamin Musulunci na kirki ba zai yarda da ita ba kamar yadda fasto na kirki ba zai yarda ba. Ko an gicciye Yesu ko ba a gicciye shi ba, babu tsaka-tsaki a nan. Mu mun ce zunubin Adamu ya lalata halin ɗan Adam har ya buƙaci Mai Ceto. Musulmi ya ce Adamu ya tuba an gafarta masa, kowane jariri ana haifarsa a kan fiɗira, wato tsarkakkiyar halitta ta asali, abin da mutum ke bukata shi ne shiriya da rahamar Allah. Daga wannan bambanci ne sauran suke tsirowa. Rufe shi raini ne ga ɓangarorin biyu, kamar ana cewa abin da mutum ya jingina ransa a kai bai kai a ɗauke shi da muhimmanci ba.

Mu masu Hausa muna da wata matsala ta musamman da ya kamata a daɗe a kanta, wato kalmomi. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 muke cewa Allah, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a, aljanna, alƙiyama, kuma da su maƙwabtanmu ke salla da wa'azi. Wannan baiwa ce, don muna iya zama mu yi magana ba tafinta. Amma tarko ne kuma, domin mutum biyu kan furta kalma ɗaya kowa na nufin abu dabam. Idan Musulmi ya ce Linjila, yana nufin littafin da aka saukar wa Annabi Isa. Idan muka ce Linjila ko Bishara, muna nufin labarin abin da Yesu ya yi da shaidar da Matiyu da Markus da Luka da Yahaya suka rubuta. Kalmar "Ɗan Allah" ta fi kowace zafi. Kunnen Musulmi yakan ji kamar ana cewa Allah ya yi aure ya haihu, abin da Suratul Ikhlasi ta kore, abin da mu ma muke ɗauka saɓo ne. Yaro zai yi awa guda yana gardama da abokinsa, ɗaya na kare abin da ɗayan bai soka ba. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina tambaya ɗaya kafin kowace amsa: "Idan ka ce kaza, me kake nufi?" Matambayi ba ya ɓata. Karin Magana 18:13 ma ta kira amsawa kafin ji wauta da abin kunya.

Sai kuskuren auna mafi kyawunmu da mafi munin nasu. Mu ɗauko Huɗubar Yesu a kan dutse mu ajiye gefe ɗaya, mu ɗauko Boko Haram mu ajiye ɗaya gefen, mu ce wa yara ga bambanci. Ban raina ciwon da ke bayan wannan ba. Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, kaɗai ta san abin da ta gani a Borno da Adamawa, kuma yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A yi maganar nan a fili, kada a ɓoye. Amma a faɗa wa yara cewa a watan Nuwamban 2014 aka tashi bama-bamai a Babban Masallacin Kano ranar Juma'a, masallata da yawa suka mutu. A faɗa musu labarin Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye fiye da mutum 200, akasarinsu Kirista, a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. A kuma faɗa musu cewa a Ruwanda a 1994 masu sunan Kirista sun kashe 'yan'uwansu a cikin majami'u. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Koyarwa da koyarwa ake aunawa, hali kuma da hali.

A nan ne kuma ake jefa mutane duka a kwando ɗaya. Ɗan Izala da ɗan Tijjaniyya da ɗan Ƙadiriyya da ɗan Shi'a suna da saɓani a tsakaninsu, kamar yadda ɗan ECWA da ɗan Katolika da ɗan Fentikos suke da shi. Mu da ba ma son a yi mana kuɗin goro, kada mu yi wa wasu.

Wanda ya fi damuna shi ne koyarwar da ke tsayawa a allo. A ja layi, a rubuta Kiristanci a nan, Musulunci a can, gargajiya a gefe, masu cewa babu Allah a ƙarshe, yara su haddace su ci jarrabawa. Amma ba a allo mutum yake ajiye abin da ya yarda da shi ba, sai ranar wahala yake fitowa. Na fi samun amfani idan na kawo abu ɗaya da suka taɓa gani: yaro ya faɗi a aji yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Kakarsa ta ce iska ce ta buge shi, a nemi mai magani. Ma'aikacin asibiti ya ce farfaɗiya ce, matsala ce a ƙwaƙwalwa, ga ƙwayoyi. Maƙwabci ya ce jarrabawa ce daga Allah, a yi haƙuri a yi addu'a a nemi magani. Wani mai wa'azi ya ce asiri ne daga ƙauye, a kawo sadaka a karɓi man shafawa. Sai in tambaye su, kowanne a cikin waɗannan me yake ɗauka ya jawo ciwon, wa yake ganin ke da iko, me yake tsoro? Daga nan in tambaye su, a gidanku wanne aka bi?

Amsar takan kawo shiru, don sau da yawa duka huɗun aka bi. Ana zuwa sujada ranar Lahadi, ana kuma ɗaura wa jariri laya a ƙugu. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi da ya riƙe babban sakataren ECWA, tun kafin rasuwarsa a 1975 yake gargaɗi a kan gauraya bishara da abin da ba ita ba, kuma ya yi hakan ne bayan ya zauna ya yi nazarin addinin gargajiya na mutanensa. Mu kuwa mukan kira gargajiya duhu mu wuce, ba mu tsaya mun tambayi me kakanninmu ke nema ba. Kariya suke nema daga abin da ya fi ƙarfinsu. Idan ba mu nuna wa yaro daga Kolosiyawa 2:15 yadda Almasihu ya yi nasara a kan ikoki ba, tsoron nan yana nan a ƙirjinsa, kuma zai kai shi ga duk wanda ya yi masa alkawarin tsari, ko boka ne ko mai riƙe da Littafi Mai Tsarki.

Batun kimiyya zan taƙaita. Yaron da ya tambayi yadda Farawa 1 ta dace da abin da ya karanta a ajin nazarin halittu ba ya bukatar tsawa. In ka ce masa tambayar ta Shaiɗan ce, zai yi shiru a gabanka ya kai ta intanet. Ka gaya masa cewa Georges Lemaître, wanda ya kawo hujjar faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam, kuma Kirista masu tsoron Allah sun bambanta a kan yadda za a fahimci kwanakin halitta. In ba ka san amsa ba, ka ce za ka bincika, ka kuma bincika.

Ba zan tsallake maganar harshe ba, domin a ƙasarmu magana kan jawo asarar rai. Duk mun tuna ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022 a kan saƙon WhatsApp. Kisan zalunci ne, babu uzurin da zai wanke shi. Amma malamin da ya cika wa yara baki da kalaman zagi ya sake su a Facebook da TikTok bai yi musu gata ba. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna a shirye mu ba da amsa, ta kuma ɗaure amsar da tawali'u da bangirma. Dubi Bulus a Atina, Ayyukan Manzanni 17. Ransa ya ɓaci da ya ga gumaka, amma ya zaga gari ya karanta rubutun da ke jikin bagadansu, ya kawo baitin mawaƙansu, sannan ya yi maganar tuba da tashin matattu ba tare da ya rage komai ba. Wasu suka yi masa ba'a, wasu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya.

Aikin gida da nake bayarwa yanzu mai sauƙi ne. Kowane ɗalibi, da sanin iyayensa, ya nemi dattijo ɗaya da suka saba da shi wanda ba Kirista ba, ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa tambaya uku: me ya lalata duniya, ta yaya mutum ke samun gafara, me ke faruwa bayan mutuwa. Ba gardama, ba wa'azi. Ya rubuta amsar, ya karanta wa dattijon ya ji ko daidai ya rubuta. A aji kuma sai kowa ya amsa tambayoyin nan uku da kansa daga Littafi Mai Tsarki, da aya, kafin mu fara aunawa.

Yarinyar da ta ce ba su san shi ba ta je wurin wata tsohuwa mai sayar da kunu a layinsu. Ta dawo da shafi biyu cike da rubutu, da kuma tambayar da tsohuwar ta aiko: "'Yata, in Allah mai gafara ne, me zai hana ya yafe kawai, sai an zubar da jini?" Ta ce ta kasa amsawa. Mako uku muka yi a kan wannan tambaya, muka fara daga Littafin Firistoci 16, muka bi ta Ishaya 53, muka sauka a Romawa 3.