Yadda Za Ka Gano Asalin Kalmar “Mai” A Harsunan Sifen Da Fotugal

Fara da jera kalmomin gefe da gefe: aceite a Sifaniyanci, azeite a Fotugis, oli a harshen Katalan, olio a harshen Bask. Da gani ka san gida biyu ne.

Ɗauki na farkon ka cire a ɗin da ke gaba, sai a bar ka da ceite ko zeite. Wannan shi ne zait na Larabci, tushen da ya ba mu zaitun. Shi kuwa a ɗin ragowar al- ne. Wanda ya yi tajwidi ya san z harafin shamsiyya ne, lam ba ya fita a gabansa, don haka az-zait ake furtawa. Mutanen Andalus, wato yankin Sifen da Fotugal a zamanin mulkin Musulmi, suka ari kalmar haɗe da al- ɗinta, kamar yadda muka yi da alƙali. Gwada dabarar a kan azúcar, sukari, da arroz, shinkafa, za ta yi aiki. A algodón, auduga, lam ya tsira saboda ƙaf ƙamariyya ce.

Sannan auna da tarihi. Musulmi sun shiga yankin a 711, Garnaɗa, daularsu ta ƙarshe a can, ba ta faɗi ba sai 1492. Basalona kuwa, babban birnin masu harshen Katalan, tun 801 ta fita hannunsu, kuma Katalan ya riƙe oli daga oleum na Latin.

Wajen amfani ne ake yawan tafka kuskure. A Sifen aceite ya haɗa kowane mai, na girki da na injin mota, sai ka ce aceite de oliva kafin a san na zaitun kake nufi. A Fotugal azeite man zaitun ne kurum, sauran duka óleo ne. Ka ce wa bakanike ya zuba azeite a inji, dariya zai yi. Burazil ta yi togaciya guda: manja sunansa azeite de dendê. Shi óleo a Sifaniyanci ya koma fentin mai na masu zane da man shafawa na coci.

Kada kamannin rubutu ya ruɗe ka da aceto na Italiyanci. Wannan ruwan khal ne, daga acetum na Latin, babu abin da ya haɗa shi da zait.