Daga Legas zuwa Antananarivo: ka shirya ƙafarka tun daga gida

Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Agege ko Idi-Araba, hawa ne zai fara ba shi wuya a babban birnin Madagaska. Tana, kamar yadda 'yan gari ke kiransa, yana bisa tuddai, kimanin mita 1,280 sama da teku, kuma matakala ce ke haɗa unguwannin ƙasa da na sama. Ka ɗauki takalmi mai kama ƙasa, silifas ba zai kai ka ba.

Daga filin jirgin Murtala Muhammed sai ka yada zango a Adis Ababa ko Nairobi kafin ka sauka Ivato, filin jirgin Tana. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfo. Naira ba ta canzuwa a can, don haka ka sayi yuro ko dala tun a Legas. Ka kuma tafi da mahaɗin caja mai baki biyu irin na Faransa.

Kuɗinsu ariari ne, amma a kasuwar Analakely har yau wasu da tsohon faran suke faɗin farashi. Faran 5 shi ne ariari 1. Baƙon da bai tambaya ba sai ya biya ninki biyar, shi kuwa mai kaya ba lallai ya yi magana ba. Tasi ma ba mita, a gama ciniki kafin ka shiga.

Dabarar yawo ita ce ka hau mota zuwa Rova, fadar sarauniya da ta yi gobara a 1995 aka sake gyara ta, sannan ka gangaro da ƙafa. Daga can za ka hango tafkin Anosy da fadamun shinkafa. Wanda ya fara daga ƙasa, kafin ya kai ya galabaita. Da magariba ka daina bin matakala kai kaɗai, waya kuma ta zauna a aljihun gaba.

Yanayinsu kishiyar namu ne: Yuni zuwa Agusta sanyi, dare kan sauka wajen digiri 10, sai da rigar sanyi. Disamba zuwa Maris damina ce, matakalar dutse kan yi santsi.

A gidan abinci ka riƙe kalma ɗaya, henakisoa, wato naman alade. Da shi aka fi dafa ravitoto, miyar ganyen rogo. Naman shanu hen'omby ne, shi ma ka tambayi yanka.