Yadda ake amfani da sukwayar dogon zarto a samu yanka mai digiri 90

Zarto mai bin dogo, irin na Festool ko Makita, yana yanka miƙaƙƙe, amma ba shi ke zaɓar kusurwa ba. Duk inda ka aza dogon nan na alminiyum, nan zai bi. Shi ya sa ake ɗaura masa sukwaya, wani ƙarfe da ake zurawa a ramin dogon a kulle, sai ya jingina da gefen katako ya tsayar da dogon a digiri 90. Yaran shago da na gani suna ɓata falawud da ita, kusan duk a wuri ɗaya suke faɗuwa: suna jingina ta da gefen da bai miƙe ba.

Kafin ka saya, duba irin dogonka. Ramin na Festool da na Makita kusan ɗaya ne, sukwaya ɗaya kan shiga duka biyun, amma na DeWalt da na Bosch fasalinsu daban. Kayan waje ne, da dala ake sayensu, irin su GRS-16 ta kamfanin TSO. In aljihu bai kai ba kana iya haɗa taka da guntun falawud mai kauri da noti, sai dai za ka riƙa gwada ta kullum. Ni ban yarda da mai juyawa zuwa kusurwoyi da yawa ba in aikin kabad ne. Sayi tsayayyiya.

Mataki na farko, gyara gefen da za ka jingina. Falawud da MDF (allon garin katako da aka matse) suna zuwa a faɗin milimita 1220 da tsawon 2440, kuma gefen da ya fito daga kamfani ba abin dogaro ba ne. An ja shi a ƙasa, an ɗaure shi da igiya a bayan mota, wani wurin ya lotsa, wani ya kumbura da danshi. Cire sukwayar, aza dogon a tsawon allon, ka aske kamar milimita 5. Sa wa sabon gefen alama da fensir. Daga yanzu shi kaɗai sukwaya za ta taɓa.

Ga dalilin da nake nacewa a kan wannan. Fuskar sukwaya gajeriya ce, yankan kuma dogo ne, don haka ƙaramin kuskure a gindi yana girma kafin ya kai ƙarshe. A ce fuskar ta kai milimita 400, sai ɗan tudu ko garin katako na rabin milimita ya shiga ƙarƙashin gefe ɗaya. Kafin zarto ya ƙetare milimita 1200, ka kauce da milimita ɗaya da rabi. A ido ba ka gani. Sai ranar haɗa kabad ƙofa ta ƙi zama, allon baya kuma ya ƙi shiga, a fara zargin zarto.

Na biyu, ɗaura sukwayar. Goge ramin dogon da fuskar ƙarfen da tsumma, zura ta, kulle, ka girgiza ka ji ko tana motsi. Bar isasshen dogo a bayanta inda zarto zai zauna kafin ya shiga katako. Dogo mai milimita 1400 da ƙyar yake ƙetare faɗin allo in an sa sukwaya, mai 1900 ya fi sakewa. Kada ka ɗaura ta a kan dogo biyu da aka haɗa sai ka tabbatar mahaɗar ta miƙe.

Na uku, azawa. Robar da ke ƙarƙashin dogo tana kama katako sosai, kuma ita ke yaudarar sabon hannu. Yaro zai ajiye dogon, ya tura sukwaya ya ji ta taɓa, alhali kusurwa ɗaya ce ta taɓa, roba ta riƙe ɗaya ƙarshen a karkace. Ɗaga ƙarshen dogon na nesa da hannu ɗaya, ka danna sukwaya da ɗayan har duk fuskarta ta manne, sannan ka sauke dogon a hankali. In bakin robar gefen dogon bai hau alamar inda za ka yanka ba, sake ɗagawa ka matsar. Kada ka ja shi yana kwance. Alama ɗaya ta isa, a kusa da sukwayar.

Na huɗu, gwaji, kuma a kan ragowar allo ake yin sa. Yanka shi biyu, ka ninke ɓangarorin kamar littafi, gefen da ka gyara yana tsaye a kan tebur mai miƙaƙƙiyar fuska. Daidaita bakin yankan a ƙasa, ka shafa sama da yatsa. In sun zo ɗaya, sukwayarka lafiya. In ɗaya ya ɗara, abin da ka ji ninki biyu ne na kuskuren. A babban allo kuma auna milimita 900 a gefe, 1200 a kan yankan, tsakaninsu ya ba ka 1500.

Sauran aikin sananne ne. Sa soso mai tauri ko ragowar allo a ƙasa, zurfin faifan zarto ya wuce kaurin katako da milimita 2 zuwa 3. Ɗaure maɓallan gindin zarto kada ya yi lilo a kan dogo. Ɓangaren da kake so ya kasance ƙarƙashin dogon, in kuwa na waje ne ka ƙara kaurin haƙoran faifan, wajen milimita 2. A kan allo mai santsi ka matse ƙarshen dogon. In ka yanka ɓangarori huɗu, auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, ka ga sun zo ɗaya, kafin ka ɗauki gam.