Kafin ka biya kuɗin RAV4 'yar 2006 zuwa 2012, ga abin da za ka duba

RAV4 ɗin nan mai goye da taya a ƙofar baya ta cika wuraren sayar da motoci a Kano da Kaduna da Abuja, kuma mutane na da hujjar sonta, tana da tsayi, da damina tana shiga unguwa ba ta goga ciki, kayan gyaranta kuma ba sa wahalar samu. Sai dai kalmar nan ta "ai Toyota ce" ta sa da yawa sun saya ido rufe, wata biyu sai ga su a gareji ana maganar sauke inji.

Fara da shekara, kuma kar ka yarda da bakin dillali, don ana canza fitilu da bamba a mayar da tsohuwa sabuwa. In 'yar Amurka ce, duba lambar VIN, wato lambar shasin mota, a ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, harafi 17 ne, ƙirga zuwa na goma. In ka ga 6 ko 7 ko 8 to 2006 zuwa 2008 ce, 9 shi ne 2009, A 2010, B 2011, C 2012.

Dalilin wannan ƙirgar shi ne 'yan Amurka na 2006 zuwa 2008 masu filogi huɗu injin 2.4 ne a cikinsu, 2AZ-FE, irin na Camry masul, kuma babban ciwonsa shan baƙin mai. Ringin da ke share mai a jikin fistin ne ke toshewa da datti ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur, ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba amma sandar awo kullum ƙasa take yi. Kamfanin da kansa ya amsa matsalar a Amurka, ya ƙara garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000 ga motar da ke shan kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, amma wannan wa'adin ya daɗe da wucewa, yanzu duk abin da ya taso daga aljihunka ne.

Don haka ka je da sassafe kai da bakanikenka, naka fa, ba wanda mai mota ya kira ba, kuma ka ce kar a tayar da ita kafin ku iso. Ɗora hannu a kan inji ka ji ko da sanyinsa. Zaro sandar mai ka shafa a yatsa, in man ya yi kauri sosai to wataƙila 20W-50 aka zuba don a ɓoye hayaƙi da ƙara, alhali a murfin mai 5W-20 ko 0W-20 aka rubuta. A kwance filogi ko ɗaya ne, in bakinsa ya yi baƙi yana danshin mai ko ya tara farin ɓawo, ka samu amsa. A tayar kana tsaye a baya, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ne, sannan ka sa yatsa a bakin salansa, toka busasshiya ba komai, mai maiƙo ita ce abin tsoro.

Gyaran nan shi ne mafi tsada a motar gaba ɗaya, ko dai a buɗe inji a canza fistin da ringi da gaskit, ko a sayo inji ɗan Beljiyam, shi ma ɗin zai iya zuwa da ciwon tunda gida ɗaya suka fito. Kafin ka yi tayi, kira masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Apo ka ji kuɗin inji a ranar, farashin yana bin dala ne, ka haɗa da kuɗin aiki ka cire daga abin da za ka biya. In mai mota ya ƙi ragi ka bar masa kayarsa. Ni dai shawarata in da hali ka ƙara kuɗi ka ɗauki 2009 zuwa sama mai injin 2.5, ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Mai injin V6 kuwa, wato mai filogi shida, 3.5, ƙarfi kamar me, doki 269, amma tana shan fetur kuma wata-famfo ɗinta, famfon ruwan sanyaya inji, na yoyo. Leƙa gefen inji ɓangaren fasinja da tocila, in ka ga busasshen abu ruwan hoda ya yi gishiri-gishiri to ya fara. Kayan ba su kai aikin ciwo ba, wurin a matse yake sai an kwance abubuwa da yawa. Na farko-farko kuma suna da wani bututun mai na VVT-i mai roba a tsakiya wanda kan fashe ya zubar da mai cikin ɗan lokaci, a tabbatar an sa na ƙarfe zalla, wannan kuɗi kaɗan ne idan aka kwatanta da inji.

Sai a hau titi, a kashe rediyo. Murɗa sitiyari hagu da dama a hankali, in ka ji ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinsa sandar tsakiya ta sitiyarin ce, sananniyar matsala ce kuma gyaranta bai kai a fasa ciniki ba. Mai jan ƙafa huɗu in tana gurnani daga baya yayin da gudu ke ƙaruwa, a duba boris na wajen difaranshiyal, wannan kam yana cin kuɗi. Giya ta shiga ba duka ba jinkiri, kuma man giya na Toyota mai suna WS take sha, ba kowane jan mai ba.

Kar ka yi ƙyuyar kai ta kan rami. A 2012 an yi kiranyen 'yan 2006 zuwa 2011 saboda sandunan ƙafar baya da ke tsatsa su saki in ba a ɗaure notinsu da kyau ba bayan alaimen, to a girgiza su a gani, tayar baya da ta cinye ta ciki ma alama ce. Motar da ta zauna a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara gishirin titi yana cin ƙasanta. Duba ko an cire indomin salansa, wato matacin hayaƙin da ke cikinsa, a sa kwamfuta, lambar P0420 na nuna nan ne, kuma injin da ke shan mai shi ke kashe shi. Ɗaga kafet ka sunsuna ko ta sha ambaliya, ka tambaya ko an cire tamostat.

In ka saya, ranar farko a juye mai a sa sabuwar filta, ka rubuta lambar kilomita, ka riƙa zaro sanda duk sati da safe a wuri mai daidai har ka yi kilomita 1,000, daga nan za ka san ko lita nawa ta baƙin mai ya kamata ta riƙa kwana a but.